Ciwon Tsoka: Darasi Daga Allurar Ruwan Gishiri

Sau da yawa ɗan ƙwallo kan ji rauni a tsokar ƙwauri, amma ya yi ta nuna idon sawu yana cewa nan ke masa zogi. Wannan ba ruɗewa ba ce. Ɗabi'ar ciwon tsoka ce, wadda wani matashin likita mai neman ƙwarewa, Jonas Kellgren, ya bayyana a 1938.

Kellgren ya yi bincikensa ne a asibitin koyarwa na Kwalejin Jami'a da ke Landan, a ƙarƙashin malaminsa Thomas Lewis. Matsalarsa ita ce yadda za a haddasa ciwon tsoka a ɗakin gwaje-gwaje ba tare da an illata kowa ba. Sai ya yi amfani da ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 6 cikin 100, alhali ruwan jikin mutum bai wuce kimanin kashi 0.9 ba. Ya riƙa tsira 'yan ɗigo da allura cikin tsokarsa da ta abokan aikinsa. Zogi mai tsanani kan taso, ya lafa bayan 'yan mintoci, shi kuwa yana zana inda aka ji shi a kan hoton jiki.

Sakamakon ya nuna cewa ciwon tsoka ba shi da iyaka takamaimai kamar na fata, kuma yakan bayyana nesa da inda allura ta shiga. Tsokar ƙeya, alal misali, takan jawo ciwon kai.

A yau masana sun ƙara fahimtar dalili. Idan tsoka ta yage, takan saki wasu sinadarai, irin su biradikinin da furostagalandin, waɗanda ke tsokanar ƙananan jijiyoyin jin zafi. Jijiyoyin kan kai saƙo zuwa laka, inda saƙonnin tsoka da na wasu sassan jiki ke haɗuwa a kan hanya guda. Saboda haka ƙwaƙwalwa takan kasa tantance ainihin tushen saƙon.

Amfanin wannan ilmi a fili yake. Kellgren ya gano cewa idan aka yi allurar kashe zafi a ainihin wurin da tsokar ta cutu, ciwon da ake ji a nesa shi ma yakan gushe. Ke nan wanda ya tsaya ga shafa magani inda ake jin zogi kaɗai yana iya barin raunin yana ci gaba.

Ya kamata malamai su jaddada wa ɗalibai cewa irin wannan gwaji na ƙwararru ne, ba a yin sa a makaranta ko a gida.

Tambayoyi
1. Me ya sa aka zaɓi ruwan gishiri maimakon a ji wa mutum rauni?
2. Wace rawa laka ke takawa wajen jin zogi nesa da wurin rauni?