Iskar Oksijin Mai Matsi da Kumburin Hanjin Yara

Wata uwa ce ke tambaya ko wannan jinya za ta warkar da ɗanta mai cutar Crohn.

To Hajiya, Allah ya ba yaron lafiya. Ana shigar da majinyaci wani rufaffen ɗaki, a ninka matsin iska kamar sau 2, ya shaƙi tsantsar oksijin na kusan minti 90, jini ya kai ta inda hanjin ya yi gyambo. Kunne kan toshe har ya yi zafi, abin da ke wahalar da ƙananan yara. Manya aka fi gwada wa, musamman masu ƙurji mai yoyo kusa da dubura, hujja a kan yara kuwa kaɗan ce. Don Allah kada ki tsayar da magungunansa, ki fara shawara da likitansa.