Darasi: Haƙƙin Makaho da Gurgu a Ƙofar Masallaci

Ƴan'uwa Musulmi, Imamu Muslim ya ruwaito cewa wani makaho ya nemi izinin yin salla a gida, sai Annabi (SAW) ya umurce shi da amsa kiran salla tunda yana jin sa. In an wajabta masa zuwa, lalle gyaran hanya yana wuyanmu.

A nan Matamaye mukan ɗaga dokin ƙofa saboda ruwan damina, sai gurgu ya tsaya waje da kekensa. Mu gina gangara: tudun santimita 10 yana bukatar tsawon santimita 120. Faɗin ƙofa ya kai santimita 90. Mu rufe kwatar alwala, mu kau da takalma daga hanyar makafi.

Allah ya sa mu dace, amin.