Kalmar Sirri, Kwaɗon Asusu

Kowa ya san kwaɗo. Mai kanti ba ya tafiya gida da dare sai ya sa wa ƙofarsa kwaɗo, ya jefa mabuɗi cikin aljihu. To, yanzu kuɗin mutane da yawa suna cikin asusun banki, ana aika su ta waya. Wasiƙu da hotuna kuma suna cikin imel da Facebook. Kwaɗon waɗannan duka shi ne kalmar sirri. In lambobi ne kaɗai, kamar na katin cirar kuɗi, a kan ce lambar sirri.

Ɓarawon asusu ba ya fasa ƙofa, kintace ya ke yi. Da fari ya gwada 1234, ko 0000, ko 123456, domin ya san mutane da yawa su su ke sawa. In bai dace ba, ya gwada sunanka, da sunan ɗanka, da na garinku, da shekarar haihuwarka, da lambar wayarka. Duk wanda ya san ka ya san waɗannan. Ashe ba sirri ba ne.

Mu yi ɗan lissafi. Daga 0000 zuwa 9999 akwai lambobi 10,000. In aka ƙara biyu suka zama shida, akwai 1,000,000. Watau kowace lamba da ka ƙara ta kan ninka wahalar ɓarawo sau goma. Harafi kuwa ya fi haka, gama haruffan da ke kan waya 26 ne. Injin banki ya kan toshe kati in an yi kuskure sau uku, shi ya sa lamba huɗu ta ke isa a can. Amma ɓarayin intanet da kwamfuta su ke aiki, ita kuwa ba ta gajiya. Ta kan gwada miliyoyi kafin ka sha ruwa. Saboda haka tsawo shi ne ƙarfin kalmar sirri.

Wani zai ce, “Malam, yaya zan riƙe doguwar kalma a kaina?” Da sauƙi. Zaɓi kalmomi huɗu waɗanda babu abin da ya haɗa su. Ga misali: tukunya, jaki, hadari, allura. Ƙidaya haruffansu, za ka sami 23. Haɗa su wuri ɗaya, ka fara kowace da babban harafi, ka sa lamba a tsakiya, kamar haka: TukunyaJaki47HadariAllura. Don kada ka manta, ka ƙaga hoto a zuciyarka: ga jaki ɗauke da tukunya, hadari ya taso, allura ta faɗi. Abin dariya ne, amma abin dariya ba ya saurin fita daga kai. Kada ka ɗauki karin magana ko baitin waƙa, kowa ya san su. Wannan misali ma kada ka ɗauka, ai duk ajin sun karanta shi.

Kowace ƙofa da kwaɗonta. A shekarar 2013 ɓarayi suka shiga kamfanin Yahoo na Amurka, suka kwashe bayanan asusu biliyan 3. In irin wannan ya faru, su kan ɗauki abin da suka samu su gwada a wasu wurare. Wanda ya sa kalma ɗaya ko'ina, an buɗe masa duka ke nan.

In wani ya bugo waya ya ce daga banki ya ke, ka faɗa masa lambar sirri, ko lambar da aka aiko maka yanzu ta saƙo, kashe wayar. Banki ba ya tambayar wannan. A wurin mai POS kuma ka danna da hannunka, ka kare da ɗaya hannun.

Da yawa cikinmu yaro ne ya buɗe mana asusu tun ba mu iya karatu ba, shi ya zaɓi kalmar, har yau kuwa yana sane da ita. Yanzu ka iya haruffa. Yau da dare ka sake ta da kanka. In kana tsoron mantuwa, rubuta ta a takarda ka kulle cikin akwati. Kada dai ka rubuta a bayan kati ko a jikin waya, gama tare a kan sace su.