Koyon walda a hannun gwani

Yanzu akwai masu walda a ƙauyuka da yawa. Wasu sun yi koyo a birni. Wasu kuwa ba wanda ya koya musu. Sun tsaya bakin hanya sun kalli masu yi, ko sun kalli hotunan aikin cikin salula, suka sayi ƙaramin inji, suka fara. Ba da walda suke ci ba, noma ne sana'arsu. Sha'awa ce kawai, suna yin ta da rani in aikin gona ya ƙare. Darasin wannan wata nasu ne, da na masu kai musu gyara.

Amalanken da ya karye

Ga misalin wani manomi a jihar Maradi. Magidanci ne, yana da mata da ƴaƴa. Shekarar da kuran ya iso garinsu, ya dawo daga ci-rani da ƙaramin injin walda, irin wanda ake rataya a kafaɗa. Ya yi ƙofar gidansa. Ya yi kujeru biyu da murhun ƙarfe. Mutane suka yaba, shi ma ya ji daɗi.

Wata rana maƙwabcinsa ya kawo amalanke. Dogon bututun da ke haɗa amalanken da karkiyar shanu ya tsage. Manomin ya bi tsagar da walda. Aikin ya yi kyaun gani. Bai karɓi ko dala ba, don maƙwabtaka.

Bayan kwana 10 aka loda buhunan hatsi za a kai kasuwa. Ɗan maƙwabcin ne ke tuƙi. Suna gangara wani kwari sai bututun ya ɓalle, daidai wurin waldar. Yaron ya yi tsalle, ya tsira da ƙujewa. Sa ɗaya ya ji ciwo a ƙafa, ya yi wata guda bai ja kaya ba.

Da manomin ya dubi wurin karayar, sai ya ga cikin waldar baƙi ne, da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Ƙarfen da ya zuba ya hau bisa bututun ya zauna kawai. Bai shiga jikinsa ba.

Me ya sa ta karye?

Walda ba liƙi ba ce irin na danƙo. Narkarwa ce. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Ƙarfe ba ya narkewa sai wajen digiri 1500. Wutar da ke tashi tsakanin bakin sandar walda da ƙarfe ta fi digiri 3000. Ita ke narkar da bakin ƙarfe biyu tare da sandar, su gauraya, su sandare su zama abu ɗaya. In sandar kaɗai ta narke, ƙarfen bai narke ba, to ba a yi walda ba, ko da idon mutum ya ga kyau.

Kuskuren manomin uku ne. Ya rage ƙarfin wuta don tsoron huda bututun. Bai kankare tsatsa da fenti ba. Kuma ya maimaita layi na biyu bisa na farko ba tare da ya ɓare ɓawon ba. Wannan ɓawo, mai kama da kashin maƙera, daga rigar sandar yake fitowa. Yana kare ƙarfe daga iska yayin da yake da zafi. In ya huce sai a ɓare shi da guduma, a goge. In aka binne shi a ciki, shi ne ke zama rami.

Duk wannan an faɗa cikin hotunan da ya kalla. Amma salula ba ta ganin hannun mai kallonta. Ba ta cewa: “Tsaya, ka yi nisa.” Mai koyo shi kaɗai yana maimaita kuskurensa har ya zame masa jiki, yana zaton ƙwarewa ce.

Neman maigida

Abin da ya fi yi wa manomin wuya shi ne kunya. Ga shi da gemu, a ce ya koma yaron shago tare da samari ƴan shekara 15. Amma ɗaliban karatun manya sun fi kowa sanin maganar nan, gemu ba ya hana ilimi.

Bai faɗa shagon farko da ya gani ba. Ya yi kasuwa uku yana dubawa. Ya tambayi masu amalanke da masu garmar shanu wane ne aikinsa ba ya dawowa. Wannan ita ce tambaya mai kyau. Mai yin ƙofa da taga yana iya yin ado, amma ƙofa ba ta ɗaukar kaya. Wanda ke haɗa amalanke da garma, shi ne aikinsa ke shan wuya kowace rana.

Ya kuma dubi yaran shago. A wani wuri yaro shida ne, gilashin walda ɗaya, sauran suna kare ido da tafin hannu. Ya wuce. A wani wuri yaran ba sa taɓa inji, sai fenti da ɗauko ƙarfe da dafa shayi. A wasu shaguna yaro yana shekara ko fiye a haka kafin a ba shi sanda. Saurayi yana iya jira. Magidanci mai gona ba ya iyawa. Don haka dole ya faɗi bukatarsa tun ranar farko.

Da ya sami wanda hankalinsa ya kwanta da shi, bai je shi kaɗai ba. Ya tafi da ƙanen babansa, wanda ya san maigidan, suka riƙe goro. Ya ɗauki guntun bututun da ya karye. Bayan gaisuwa ya ajiye shi a gabansa ya ce:

“Maigida, ga aikina. Ni na yi, kuma ya karye. Ina so a nuna mini inda na ɓata.”

Maigidan ya juya ƙarfen a hannu, ya ce: “Malam, wa ya koya maka?”

“Ba kowa.”

“Haka na gani. Hannunka ba ya rawa, amma kana tsoron wuta.”

Kai aikin da ya lalace dabara ce mai amfani. Gwani yana karanta walda kamar yadda mafarauci ke karanta sawu. Kuma ya san mai zuwan ba gardama ya zo yi ba.

Suka shirya a gaban dattijon. Kwana biyu a mako, daga ƙarshen girbi har faɗuwar ruwa. Da safe manomin yana taya yanka ƙarfe da kankarewa. Da la'asar ana ba shi lokaci ya gwada a kan guntayen ƙarfe, maigida yana tsaye. Sandunan gwaji shi ke sayen abinsa. Maganar kuɗi ma an yanke ta a ranar, gaban shaida. Abin da ba a yanke da wuri ba shi ke kawo ɓacin rai daga baya.

Abin da hannu ya koya

Makon farko bai haɗa kome ba. Layi kawai yake ja a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe, ya ɓare, ya goge, ya sake. Maigidan ya sa nasa gilashin, ya kama masa wuyan hannu, suka ja tare. A nan ne ya ji a jikinsa abin da bai taɓa gani a hoto ba.

Da, hasken wutar yake kallo. Aka ce masa ya bar haske, ya kalli ɗan tafkin narkakken ƙarfe da ke bin bayan sanda. In tafkin ya yi faɗi yana neman zubewa, a ƙara sauri. In ya tsuke ya yi tudu kamar igiya, an yi gaggawa ko wuta ta yi kaɗan.

Tazarar bakin sanda da ƙarfe kada ta wuce kaurin ƙarfen da ke cikin sandar. Sanda kuwa tana cinyewa, tana gajarta. Ke nan hannu yana tafiya gefe, yana kuma sauka ƙasa a hankali. A nan masu koyo da yawa ke faɗuwa. Sandar ba ta tsayawa cak, ana ɗan kishingiɗa ta wajen da ake tafiya, ana jan ta.

Kunne ma yana aiki. In tazara da wuta sun daidaita, ƙarar tana fita kamar ta ƙosai cikin mai zafi, ba yankewa. In ana jin tartsatsi da fashe-fashe, an yi nisa. Maigidan yana bakin ƙofa yana ciniki, amma daga can yake cewa: “Malam, sauka!”

Ƙarfin wuta ana auna shi da amper. Lambobin suna jikin inji. Akwai lissafin da ake koya wa masu walda don farawa. A ɗauki kaurin sanda, a cire 1, a ninka da 50. Sanda mai milimetir 2,5 tana son wajen amper 75. Mai milimetir 3,2 tana son wajen amper 110. Daga nan a ƙara ko a rage kaɗan, bisa kaurin ƙarfe. A jikin kwalin sanduna ma an rubuta. Sandar da aka fi samu a kasuwa tana ɗauke da lamba 6013. Ta ƙarfen yau da kullum ce. Ƙarfen zubi, irin na jikin tsohon injin niƙa, yana da tasa sandar dabam. Wanda ya iya karanta lamba ba a sayar masa da wata a madadin wata.

In ƙarfe ya fi milimetir 5 kauri, ana fere bakinsa biyu su yi kwari, don wuta ta kai ƙasa. Kafin a ja dogon layi ana ɗiga walda nan da can, don zafi kada ya karkatar da aikin. Sanduna kuwa a ajiye su wuri busasshe. Wadda ta sha laima tana barin ramuka.

Kowace yamma maigidan yana ɗaukar abin da manomin ya haɗa, ya matse shi, ya sa guduma. Makonnin farko waldar ce ke rabewa. Ranar da ƙarfen ya lanƙwashe a gefe, waldar ta ƙi buɗewa, maigidan bai ce kome ba. Ya miƙo masa wani ƙarfen da ya fi kauri.

Kiyaye jiki

Gilashin rana ba ya kare ido daga wutar walda. Sai baƙin gilashin da aka yi don aikin, mai lamba 10 ko 11, cikin garkuwar da ke rufe fuska duka. Wanda wutar ta ƙone wa ido ba ya ji nan take. Sai bayan awa 6 zuwa 12, da dare, ya ji kamar an zuba masa rairayi. Kada a ɗiga masa nono ko ruwan tumatir. A kai shi likita. Yaran da ke taruwa kallo su ma idonsu na ƙonewa, a kore su nesa.

Rigar leda tana narkewa ta manne a fata. A sa ta auduga mai dogon hannu, da safar hannu ta fata, da takalmi rufaffe. Kada a yi walda a tsaye bisa ƙasa mai ruwa, ko da jiƙaƙƙen hannu. Farin ƙarfe mai shafi irin na kwanon rufi yana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi da rawar ɗari, a yi shi a fili inda iska ke kaɗawa. Tanon da ya taɓa ɗaukar isansi ko gazuwal kuwa, ko ya yi wata ba kome a ciki, tururin da ya rage yana iya fashewa. Mai koyo kada ya kusance shi da wuta sam.

Ƙofar gomnati

Shagon gwani ba shi kaɗai ne hanya ba. Tun shekarun 1970 da 1980 aka buɗe ma'aikatun ƙera kayan noma a ƙasar nan, ACREMA a Tawa, UCOMA a Damagaram, CDARMA a Doso, don samar da amalanke da garmar shanu. Daga baya aka kafa cibiyoyin koyon sana'a da ake kira CFM a kominoni da yawa. Aikin ƙarfe yana cikin abin da ake koyarwa a wasunsu, tare da ɗinki da kafinta. A shekarar 2007 aka kafa asusun FAFPA don tallafa wa horon sana'a da koyo a shaguna.

Cibiyoyin nan samari suka fi karɓa. Babba mai iyali ya je ma'aikatar komin, ko wurin shugaban ƙungiyar masu sana'ar hannu, ya tambaya ko akwai horo na gajeren lokaci. In mutum biyar ko goma suka haɗu suka nema tare, an fi jin maganarsu. Amfanin wannan hanya shi ne takardar shaida, da koyon awo da zane.

Kafin ruwa ya faɗi, manomin ya kai amalanken maƙwabcinsa shagon maigidan. Ya yanke tsohuwar waldar duka. Ya zura guntun bututu a ciki don ƙarin ƙarfi, ya fere baki, ya kankare, ya ja layi, ya ɓare, ya sake ja. Maigidan ya duba, ya buga da guduma. Sannan ya ce masa ya ci gaba da ƙofa da kujera da garma a gida, amma duk abin da zai ɗauki mutum ko kaya mai nauyi, ya riƙa kawowa a duba har rani mai zuwa.

Lissafi na aji

Sanda mai kaurin milimetir 4, amper nawa za a fara da shi?

Mai koyo yana zuwa shago kwana 2 a mako. Yana ƙona sanda 12 kowace rana. Sanda nawa zai saya don mako 20?