Darasin Kimiyya: Abin da Haihuwa ke Ci a Jikin Ɓera

Manufa: Ɗalibi ya iya bayyana yadda haihuwa ke rage lafiyar ɓeran daji, da dalilin da ya sa ɓeraye ke yawaita da kaka.

Gabatarwa

Ɗalibai, duk wanda ya taɓa bin mahaifinsa gona a nan Pauwa, ko can wajen Faskari da Sabuwa, ya san ramin gafiya da na kurege. Su da ɓera da beguwa dangi ɗaya ne, haƙoransu na gaba ba sa daina tsiro. Jaba da bushiya ba sa cikinsu. Yau za mu ɗauki ɓera mai yawan nono, wanda masana ke kira Mastomys natalensis. Macen tana da kan nono 16 zuwa 24, cikinta kwana 23 ne, kuma takan haifi 'ya'ya goma ko fiye a ciki ɗaya.

Mataki na 1: Rabon abinci

Ku ɗauki jikin macen ɓera kamar rumbun gida. Daga abin da ta ci ake ɗibar na gyaran jiki, da na garkuwar da ke yaƙi da cuta, da na haihuwa. In kason haihuwa ya yi yawa, sauran biyun ne za su ji a jikinsu.

Mataki na 2: Shayarwa

Shayarwa ta fi goyon ciki cin jiki. Ana haifar 'ya'yan jajaye, ba gashi, ido a rufe, su yi kusan mako uku suna kan nono. A wannan lokaci uwa takan ninka cin abincinta sau biyu ko fiye, hanjinta da hantarta su ƙara girma don su iya aikin. Sinadarin kalsiyam da ke cikin nono, wani kasonsa daga ƙashinta ake zaro shi, ƙashin ya yi rauni. Ga kuma kwanika, domin tana iya ɗaukar wani cikin da zarar ta haihu.

Mataki na 3: Haɗari da cuta

Yunwa kan sa mai shayarwa yawan fita kiwo da dare, ga mujiya da maciji da mage suna dako. Jikin da ya gaji kuma ba ya iya ture ƙuma da kaska da tsutsar ciki yadda ya saba. A ƙasar Finlan masana sun gwada ƙara wa wasu ɓerayen daji 'ya'ya a sheƙa. 'Ya'yan sun taso ƙanana, iyayen kuma sun fi saurin mutuwa, haihuwarsu ta gaba ta ragu.

Kammalawa

Abinci ne ke mayar da abin da haihuwa ta ci a jikin uwa, shi ya sa haihuwar ɓera ke bin damina da kaka, lokacin da masara da dawa suka nuna. Rumbun da aka bari a buɗe yana ciyar da uwa har ta yaye duk 'ya'yanta. Ɓera mai yawan nono ne kuma ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, wadda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno. Ku riƙa rufe hatsi da kwanon abinci, ku daina shanya a ƙasa.

Aikin gida

1. Me ya sa shayarwa ta fi ciki wahalar da uwa?
2. Ku duba rumbun gidanku, ku rubuto duk kafar da ɓera zai iya shiga.