Siririyar Waya da Kifin da Ya Lalace a Yelwa

Turjiya, wato tirjewar da waya ke yi wa lantarkin da ke bi ta cikinta, ita ce abin da masu shaguna a ƙasar Yauri suka fi rainawa, alhali tun 1841 James Joule ya nuna cewa zafin da waya ke fitarwa daidai yake da kwararar lantarki sau kanta sau turjiyar. Ma'anar haka ita ce idan amfiya, ma'aunin kwarara, ta ninka sau biyu, zafi ninkawa yake yi sau huɗu. Saboda wannan ƙa'ida ce ake ɗaga wutar madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, zuwa bolt 330,000 kafin a tura ta Birnin Kebbi, domin kwarara ta ragu, asarar hanya ta ragu da ita.

A bazarar da ta wuce an kira mai wannan rubutu wani shagon ajiye kifi a Yelwa, inda ya tarar da allon rufi ya yi baƙi, firiza uku sun tsaya, karfasa da giwan ruwan da aka saro daga masuntan Warra kuwa sun fara ɗoyi. Mai shagon ya dage cewa wuta ce aka kawo da ƙarfi, wanda shi ne uzurin da kowa ke fara bayarwa, amma bincike ya nuna wani mai gyara da ba ya ko riƙe na'urar awo ne ya ja masa waya mai kaurin milimita murabba'i 1.5 daga falwaya, tsawon mita 60, don ta fi araha. Tafiya da dawowa mita 120 ke nan, turjiyarta kusan om ɗaya da rabi, kuma da kayan shagon ke jan amfiya 15, sama da wat 300 ke ƙonewa a hanya, bolt fiye da 20 na ɓacewa kafin wuta ta isa firiza. Injin firiza kuwa idan bolt ya yi masa ƙasa ƙara jan kwarara yake yi, sai waya ta ƙara zafi, shi ma ya ƙara wahala.

Abin takaicin yana cikin rufi. Wayar ba ta kai ba, sai aka murɗa mata wani guntu da hannu, aka naɗe da salatif, kuma da aka kankare guntun sai ga farin ƙarfe a ƙarƙashin jan fenti: alminiyam ne aka yi wa rigar jan ƙarfe. Danshin bakin ruwa ya ci mahaɗin har ya yi tsatsa, kuma rabin om kaɗai a irin wannan wuri, a kan amfiya 15, ya haura wat 100 a fili da bai fi kan ɗan yatsa ba. Fis ɗin da ya kamata ya tsinke ya ceci shagon an riga an ɗaure shi da waya mai kauri, wai yana yawan damun mutane.

Inda 'yan koyo ke ruɗewa shi ne sun ji cewa hita mai ƙarancin turjiya ta fi zafi, kuma gaskiya ne, domin ita bolt 230 ne tsaye a kanta, ƙarfinta bolt sau bolt ne a raba da turjiya. Waya kuwa a jere take da kayan, su ke yanke mata kwararar da za ta ɗauka, don haka ƙarin turjiyarta ƙarin zafi ne.

Ba a zaɓen waya da ido ko da farashi. Ba a murɗa mahaɗi da hannu. Ba a ɗaure fis.

Masu sola a ƙauyukan Shanga da Ngaski sun fi shiga haɗari, domin wat 600 a kan batirin bolt 12 amfiya 50 ne, amma ana ganin an haɗa shi da wayar fanka. A kankare waya tun a kasuwa kafin a biya, kuma filogin da ya yi ɗumi a hannu a cire shi. Mahaɗin murɗe, a sake faɗa, shi ne ya baƙanta rufin shagon Yelwa, kuma wayar milimita murabba'i 4 da mai shagon ya ƙi saya tun farko ita aka ja masa daga baya, bayan an kwashe kifin an zubar.