Riƙon Ɗan da Ba Jinsinka Ba: Darasi Daga Gidan Abu Huzaifa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, ka sani gobe kai ne maigida, kuma mai yiwuwa ne Allah ya kawo hannunka yaron da ba ƙabilarka ba, ba launinka ba. To, yaya za ka riƙe shi? Mu duba gidan sahabi Abu Huzaifa ɗan Utba, Allah ya yarda da shi.

Abu Huzaifa Baƙuraishe ne, ɗan manyan Makka. Salim kuwa mutumin Farisa ne, an kawo shi yana bawa, aka 'yanta shi. Abu Huzaifa ya mai da shi ɗansa, har ana ce masa Salim ɗan Abu Huzaifa. Da ya isa aure, sai ya aura masa 'yar ɗan'uwansa Walidu. Ka ji fa! 'Yar Ƙuraishawa ga wanda jiya bawa ne, kuma ba Balarabe ba.

Sannan aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta sauka, wajen shekara ta 5 bayan hijira, tana umarni a kira 'ya'yan riƙo da sunan iyayensu na asali, in ba a san su ba, to 'yan'uwa ne a addini. Abin ya yi wa mutanen gidan nauyi. Matar Abu Huzaifa, Sahla 'yar Suhailu, ta je wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta kai kukanta: ɗa suka ɗauke shi, yana shiga wurinta, ga shi yanzu tana ganin damuwa a fuskar mijinta. Annabi ya yi musu rangwame ta hanyar shayarwa. Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa wannan rangwame na Salim ne shi kaɗai.

Suna ya canja, ya koma Salim maulan Abu Huzaifa, amma ƙauna ba ta canja ba. Shi ne ya yi wa Muhajirai limanci a Ƙuba, har da Umar a bayansa, domin ya fi su Alƙur'ani. Yana cikin mutum 4 da Annabi ya ce a koyi Alƙur'ani a wurinsu. Shi da Abu Huzaifa suka yi shahada tare a yaƙin Yamama, zamanin Halifa Abubakar.

Abin da za mu ɗauka:

1. Kada ka ɓoye wa yaro asalinsa, kada ka liƙa masa sunanka. Ya san ubansa da mutanensa, in an san su.

2. Kada ka yi masa gori da launi ko yare, kada ka bar 'ya'yanka su yi. Kwano ɗaya, makaranta ɗaya.

3. In jariri ne, matarka ta shayar da shi cikin shekara 2 na farko, sai ya zama muharrami a gidan.

4. Ba ya gadonka, amma kana iya yi masa kyauta da ranka, ko wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba.

5. In ya nemi aure a danginku, a duba addininsa da halinsa.

Wannan na ƙarshe shi ne inda da yawanmu muke faɗuwa. Mu riƙi yaro shekara 20, ya yi mana noma da aike, ranar da ya ce yana son 'yar gidan sai a tuna ba shi da asali. Shin mun fi Abu Huzaifa asali ne?

Allah ya ba mu ikon aiki da abin da muka sani, amin.